Hasken Da Ke Tona Asirin Roba

Ledar ruwan sha da jarkar man gyaɗa uwa ɗaya uba ɗaya suke, domin duka da robar nan foliyetilin aka yi su. Amma ga leda laushi, ga jarka tauri. To, me ya raba su?

Ita wannan roba, wadda aka gano a Ingila cikin 1933, dogayen sarƙoƙi ne na ƙwayoyin kabon da haidurojin waɗanda ido ba ya iya gani. Idan narkakkiyar roba tana hucewa, waɗansu sarƙoƙin sukan miƙe su jeru kamar zare a masaƙa, waɗansu kuwa su zauna a harɗe. Ta leda tana da rassa masu hana jeruwa. Ta jarka kuwa, irin wadda Karl Ziegler ya samo hanyar yinta a Jamus cikin 1953, rassanta kaɗan ne, saboda haka sai ta jeru sosai, ta yi ƙarfi.

Abin da ke nuna wa masana wannan hali shi ne hasken infirared, wanda William Herschel ya gano a 1800 sa'ad da ya ga ma'aunin zafi ya hau a gefen jan launi, inda ido bai ga kome ba. Ƙwayoyin roba kullum cikin kaɗawa suke, kuma kowace irin kaɗawa tana da rabon hasken da take shanyewa. Akan haska sillen roba, na'ura ta zana abin da aka shanye.

A narkakkiyar foliyetilin alama guda ke fitowa, wajen lamba 720 a ma'aunin na'urar. Da sarƙoƙi sun jeru sai ta rabu biyu, wata ta ɓullo a 730, domin kowace sarƙa tana jin motsin maƙwabciyarta. Gwargwadon ƙarfin ta biyun, gwargwadon yawan jeruwa.

Wannan awo ba don nishaɗi ake yinsa ba. Robar da ta huce a hankali ta fi jeruwa, wadda aka sanyaya da gaggawa kuwa jeruwarta takan ragu. In jeruwa ta yi yawa, kaya kan yi saurin tsagewa. In ta gaza, su yi laushi. Mai masana'antar da ya san wannan tun kaya ba su fita ba, ya kare mai saye daga hasarar mansa.