Lasisin Manhajar Rahoto Idan Aka Raba Uwar Garke

SQL Server ta kamfanin Microsoft na cikin manhajojin da ofisoshi ke adana bayanansu a ciki. Har zuwa fitowar 2022 tana tafe da wani sashe mai suna Reporting Services, wanda ke tattaro bayanan ya fitar da rahoto: cinikin wata, bashin da ake bi, kayan da suka rage a sito. Lasisinta ya rataya ne a wuyan uwar garke, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis ke ɗibar bayanai a wurinta.

Muddin rumbun bayanai da sashen rahoto suna kan uwar garke guda, lasisinta ya ishe su duka. Sai dai rahoton ƙarshen wata kan yi wa na'ura nauyi, shi ya sa masu kula da ita kan kwashe sashen rahoto su kai shi wata uwar garken. Da an yi haka, ta biyun ma sai ta samu cikakken lasisin SQL Server nata, ko da ba a ajiye rumbu a cikinta ba. Daga fitowar 2017 ana sauke Reporting Services shi kaɗai, amma hakan bai mayar da shi kyauta ba.

Hanyoyin biya biyu ne. Ta farko, wadda ta soma a 2012, ana ƙirga ƙwayoyin sarrafawa na na'urar, kuma ba a biyan ƙasa da huɗu. Ta biyu ta samfurin Standard ce: a sayi lasisin uwar garke, sannan kowane ma'aikaci ko kowace na'ura a yankar mata izinin shiga mai suna CAL. Ɗan kasuwar da ke da babban ofis a unguwar Zariya ta Maraɗi, da rassa a Tibiri da Jiratawa, idan ya bi wannan hanyar dole ya lissafa har da akawun reshe wanda rahoto kawai yake buɗewa ta intanet.

Akwai sauƙi ga mai ƙaramin jari. Samfurin Express kyauta ne, amma a fitowar 2022 rumbunsa ba ya wuce gigabait 10. Developer kuwa na gwaji da koyo ne, haramun ne a yi ainihin aiki da shi. PostgreSQL, wata manhajar adana bayanai ta daban, ba ta da kuɗin lasisi ko a kan uwar garke nawa aka ɗora ta, kuma a kanta DHIS2 ke gudana, manhajar da ma'aikatar lafiya ta Nijar ke tattara alƙalumanta da ita.

Kafin a sayi uwar garke ta biyu, a fara sa kuɗin lasisinta cikin lissafi.