Yadda Ake Haɗa Maɗaukin Sauti na Jita a Gida

Jita irin ta akwati, watau wadda ba a jona ta da lantarki, abin kiɗa ce ta cikin ɗaki. Idan aka taɓa tsirkiya sai ta yi karkarwa, karkarwar ta bi ta kan jaki ta shiga allon fuskar jitar, shi kuma allon ya kaɗa iskar da ke cikin ƙoƙo. Wannan ya isa ga mutum goma a zaure. Amma da zarar an fito da ita dandali, aka haɗa ta da kalangu da ganga, sai ta koma tamkar mai raɗa a tsakiyar kasuwa. Makirfo yakan rage wannan matsala, sai dai yana kwasowa har da hayaniyar 'yan kallo, kuma yana tsare makaɗi wuri ɗaya. Abin da ya fi shi ne wata 'yar na'ura da ake ɗora wa jitar kanta, wadda ke mayar da karkarwa ta zama lantarki, a aika shi cikin amfilifaya ya fito ta lasifika. A wannan maƙala za a kira ta maɗaukin sauti, kuma za a yi ƙoƙarin bayyana yadda mai ƙaramin ƙarfi zai haɗa nasa.

Maɗaukin sauti iri biyu ne, kowanne da tushensa a kimiyya. Na farko ya dogara ne a kan abin da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831, cewa idan ƙarfin maganaɗisu ya motsa kusa da naɗaɗɗiyar waya, lantarki yakan taso a cikinta. A kan wannan ne George Beauchamp ya gina jitarsa ta lantarki a Kalifoniya a 1931, kuma kafin ƙarshen shekarun 1930 Harry DeArmond ya fito da irin wanda ake maƙala wa jitar akwati. Na biyu kuwa ya samo asali daga binciken 'yan'uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, a Faransa a 1880. Su ne suka lura cewa akwai wasu duwatsu masu ƙyalli waɗanda ke fitar da lantarki idan aka matsa su. Wannan shi ake kira fiyezo. Haɗa irin waɗannan abubuwa da hannu ba baƙon abu ba ne a Afirka. A Kinshasa, Mawangu Mingiedi, wanda ya kafa ƙungiyar Konono a shekarun 1960, da maganaɗisun da ya ciro daga tarkacen motoci ya yi wa likembe ɗinsa maɗauki, domin a ji shi a cikin hayaniyar birni.

Na maganaɗisu aiki ne na mai haƙuri. Ana bukatar maganaɗisu, da ƙaramin gurbi na roba ko katako da za a naɗa waya a kansa, da wayar jan ƙarfe mai rufi wadda kaurinta bai wuce milimita 0.063 ba, watau kusan silin gashi. Akan yi naɗi wajen 8,000, kuma idan aka warware wayar tsawonta ya ɗara kilomita guda. Waɗansu sukan ɗaure gurbin a jikin keken ɗinki don ya juya musu, amma ko da hakan, tsinkewa ɗaya a naɗi na dubu shida ta isa ta mayar da mutum farko. In an gama sai a auna da mita. Idan ta nuna wajen om 6,000, aiki ya yi. Sa'an nan a tsoma shi cikin narkakken kyandir da aka gauraya da kakin zuma, domin wayar ta daskare, kada ta riƙa rawa tana jawo kuka. Daga nan a gitta shi a bakin ramin jitar, ƙarƙashin tsirkiyoyi. Aibinsa biyu ne. Ba ya jin tsirkiyar da babu ƙarfe a cikinta, saboda haka ba shi da amfani ga jita mai tsirkiyar nailan. Kuma yakan kwaso gunjin wutar gida, wadda a Nijeriya da Nijar ke juyawa sau 50 a daƙiƙa. Don kashe wannan gunji ne Seth Lover na kamfanin Gibson ya haɗa naɗi biyu masu saɓa wa juna a 1955, abin da ke nufin ninka wahalar mai naɗi.

Na fiyezo ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma shi ya kamata mai koyo ya fara da shi. Zuciyarsa wani ɗan faifai ne na tagulla, siriri, mai faɗin milimita 27 ko ƙasa da haka, da farin da'ira a tsakiyarsa. Shi ne ke yin tsuwa a cikin agogon ƙararrawa da kayan wasan yara, kuma da wuya a rasa shi a wurin masu gyaran rediyo. Abin sha'awa shi ne, an ƙera shi don ya karɓi lantarki ya ba da ƙara, amma idan aka juya al'amarin, aka ba shi karkarwa, sai ya ba da lantarki. Ban da shi, ana neman waya mai sulke, watau mai sila a tsakiya da saƙar ƙarfe kewaye da ita, da kuma soket na milimita 6.35 irin wanda wayar jita ke shiga.

Silar tsakiya ita za a liƙa da dalma a kan farin da'irar, sulken kuma a kan gefen tagullar. A nan ne mafi yawan masu koyo ke yin ɓarna. Farin wurin shafe ne na azurfa marar kauri, idan ƙarfen narka dalma ya daɗe a kansa sai shafen ya ɗaye, zafin kuma ya raunana faifan. Taɓawa ɗaya ta daƙiƙa guda ko biyu ta wadatar. Wanda ya sami faifai mai wayoyinsa a jiki ya huta, sai ya ɗaura daga nan. Ɗaya ƙarshen wayar kuma ya tafi soket, sila a kan harshen da ke taɓa tsinin filogi, sulke a kan jiki. Idan aka juya su, duk lokacin da hannu ya kusanto sai gunji ya tashi.

Inda za a manna faifan shi ne babban sirrin aikin, kuma babu wurin da ya dace da kowace jita, domin kowane allo da halinsa. Kusa da jaki ne karkarwa ta fi ƙarfi. Idan aka matsa ta wajen tsirkiyoyi masu kauri sai murya ta yi zurfi, ta wajen sirara kuwa sai ta yi kaifi. Hanyar da ta fi ita ce a fara manna shi daga waje da salatif, a kaɗa, a saurara, a gusa shi da ɗan yatsa guda, a sake kaɗawa, har kunne ya gamsu. Sai bayan haka za a sassauta tsirkiyoyi, a zura hannu ta rami, a manna shi daga ciki daidai wannan wuri da gam kaɗan. Gam mai yawa yana kashe sauti. Batun huda jita don dasa soket kuwa, bai kamata a yi garaje ba, musamman idan jitar ta aro ce ko ta gado. Allon gefe siriri ne, yana tsagewa. Wuri ɗaya da ke jure huda shi ne gindin jitar, inda maɓallin rataya yake, saboda akwai katako mai kauri a bayansa. Mai shakka ya bar soket ɗin a waje, ya ɗaure shi a jikin madauri.

Sau da yawa mutum zai gama duk wannan, ya jona, sai ya ji wata siririyar murya kamar ta gwangwani, ya ɗauka faifan ne ba shi da kyau. Laifin na mashigar amfilifaya ne. Fiyezo yana son mashiga mai tsananin turjiya ga lantarki, ta om miliyan guda ko fiye. Idan aka ba shi mai om 10,000, irin ta na'urorin haɗa sauti da yawa, duk amon da ke ƙasa da karkarwa wajen 800 a daƙiƙa zai raunana, alhali tsirkiyar da ta fi kauri sau 82 kawai take karkarwa. Ke nan gindin kiɗan duka ya zube. Maganinsa ƙaramin da'irar lantarki ce mai taransista ɗaya irin ta JFET da batir mai bolt 9, wadda za a sa tsakanin faifai da amfilifaya, kusa da jitar. Duk mai gyaran rediyo da ya san aikinsa zai iya haɗa ta cikin gwangwanin ƙarfe. Idan kuma aka ƙure murya jitar ta fara kuka, sai a toshe raminta da faifan roba, makaɗi ya kauce daga gaban lasifika.

Akwai haɗarin da ya wuce na lalacewar sauti. Faifan kansa ba ya cutarwa, amma sulken wayar yana haɗe da jikin amfilifaya, kuma idan amfilifayar ba ta da wayar ƙasa, ko wutar ta zube a jikinta, to, ta iso hannun makaɗi. Ta irin wannan hanya Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar Yardbirds, ya rasu a gidansa a Ingila a 1976 yana kaɗa jita. Saboda haka gwajin farko da amfilifaya mai batir ya kamata a yi shi, kuma tsohuwar rediyo mai aiki da wutar gida ba abin jona wa jita ba ce.

Tun da faifan fiyezo karkarwar jiki yake ji, bai damu da abin da aka yi tsirkiya da shi ba. Don haka zai yi aiki a kan gurmi da garaya, da goge mai izgar doki, har da kuntigi irin na marigayi Ɗan Maraya Jos. Sai dai fatar da aka rufe waɗannan da ita ta fi allon jita laushi, faifai mai nauyi yana danne ta. A nan ƙarami ake so, na milimita 12 ko 15, a manna shi daf da jaki, a kuma ɗaure wayarsa a jikin sanda don kada ta riƙa jan fatar.