Ƙaramar Na'ura Mai Ba Lambu Ruwa Da Kanta

'Yan'uwa manoma, kowa ya san wahalar noman rani: jan guga tun da asuba, ɗaukar ruwa a ka, da kuɗin fetur na injin ban ruwa, wanda ya yi tsada ƙwarai bayan an janye tallafin mai a Nijeriya cikin watan Mayu na 2023. A lambun ƙungiya kuwa akwai wata damuwa kuma. In wanda ke da ranar ban ruwa ya tafi jana'iza ko kasuwa, zafin Maris na kwana biyu ya isa ya kashe gadon renon tumatir duka, kuɗin iri na dukan ƙungiya ya tafi ke nan. Domin haka muka ga ya kamata mu bayyana maku wata dabara da matasan ekklesiya za su iya harhaɗawa da hannunsu.

Mecece wannan na'ura?

Zuciyarta wani ɗan allo ne na lantarki wanda bai kai tafin hannu ba, watau ƙaramar kwamfuta mai yin aiki guda ɗaya. Wanda aka fi sani shi ne Arduino. An fara yinsa a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005 domin ɗalibai, irin da ake kira Uno kuwa ya fito a 2010. Aikinsa a lambu kamar na amintaccen yaro ne: ya taɓa ƙasa, in ya ji ta bushe ya kunna famfo, in ta jiƙe ya kashe.

Kayan da ake bukata

Na ɗaya, allon Arduino. Na biyu, ma'aunin danshi da za a cusa cikin ƙasa. Iri biyu ne. Mai ƙafafu biyu na ƙarfe tsirara ya fi araha, amma tsatsa takan cinye shi da wuri, saboda haka a nemi wanda aka lulluɓe jikinsa. Na uku, makunnin da ake kira rile, gama allon yana aiki da bolt 5 ne kawai, ba shi da ƙarfin juya famfo da kansa. Na huɗu, ƙaramin famfo mai bolt 12, da batir, da farantin sola tare da akwatin da ke tsare cajin batirin. Na biyar, duro, da matacin ruwa, da siraran tiyo masu ɗiga ruwa a gindin shuka.

Ban ruwa na ɗigo ba sabon abu ba ne. An kafa kamfanin Netafim mai yin kayansa a Isra'ila a 1965, cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai kuma ta gwada shi da masu lambu a Nijar. Abin da na'urar ta ƙara shi ne sanin lokacin buɗewa da na rufewa.

A fara da lissafi

Ruwa milimita 1 a kan fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi, lita 1 ne. A ce shuka tana shan milimita 5 a rana. Lambu mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi zai sha lita 500, watau duro biyu da rabi. Duro ɗaya na lita 200 kuwa zai ishi gado mai mita 10 tsawo da mita 4 faɗi. Shawararmu ita ce ƙungiya ta fara da gadon reno kaɗai, ta ga yadda abin yake kafin ta zuba kuɗi da yawa.

Yadda ake daidaita ta

Allon ba ya sanin ƙasarku sai kun koya masa. Yana karanta danshi da lamba, daga 0 zuwa 1023. A cusa ma'aunin cikin busasshiyar ƙasa a rubuta lambar da ya nuna. Sa'an nan a shayar da gadon sosai, a bar shi ya kwana, a sake rubuta lambar. Tsakanin waɗannan biyu za a zaɓi lambar kunnawa da ta kashewa. Jigawa da laka ba su ba da lamba ɗaya ba, saboda haka kada wata ƙungiya ta ari lambar wata. A sa ma'aunin inda saiwa take, kusa da tiyo amma ba daidai bakin ɗigon ba, don kada ya ce ƙasa ta ƙoshi alhali shuka tana jin ƙishi.

Abin lura

Lalle ne mai rubuta umarnin ya sa iyakar lokaci, domin ko waya ta tsinke famfo ya tsaya da kansa, kada ya kwashe duron ya ƙone. A ajiye allon cikin akwatin roba a inuwa, saboda ƙurar hunturu da tururuwa. A riƙa wanke mataci, gama ruwan fadama yakan toshe tiyo. Batir da sola kuwa suna jan idon ɓarayi, a kafa su inda mai gadi yake.

Mu tuna, na'urar ba ta cika duro, ba ta ganin tsutsa a ganye, ba ta cire ciyawa. Kwamitin ƙungiya ya naɗa mutum biyu su koyi aikinta, mace ɗaya a cikinsu, tun da mata ne suka fi ɗaukar wahalar ruwa. A rubuta kowane kuɗin da aka kashe cikin littafin ma'aji. A kuma bar gado ɗaya ana ba shi ruwa da hannu, a riƙa ƙirga duro nawa kowane gado ya sha. Ran taron ƙarshen rani sai a karanta lissafin a gaban kowa, ƙungiya ta yanke shawara ko za ta ƙara gadaje baɗi.

Ubangiji ya sa albarka ga aikin hannuwanku.