Bukukuwan da Suka Saura Bayan An Bar Tsafi

Matafiyin da ya tashi daga Kaduna ya bi ta Buruku da Udawa ya nufi Birnin Gwari, idan ya dubi kurmin da ya miƙe har iyakar Zamfara, wanda Turawa suka keɓe wani yankinsa a 1936, daga bisani aka mai da shi gandun ƙasa na Kamuku a 1999, da wuya ya tuna cewa wannan daji, kafin ya zama na gwamnati, wurin bauta ne ga kakannin Gwarawa da Kamukawa da Hausawan da ba su musulunta ba. Suna yanka a gindin tsamiya da kuka da kan duwatsu, kuma ba a shiga farauta sai an yi buɗar dawa an nemi yardar iskoki. Irin wannan ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi inkarinsa a wa'azinsa da talifansa tun kafin jihadin 1804.

To, amma mas'alar da ta cancanci nazari ita ce abin da ya faru bayan jama'a sun bar wancan addini, domin mutum yana iya sauya aƙidarsa da kalmar shahada cikin sa'a guda, alhali buƙatarsa ta taruwa da 'yan'uwansa idan amfanin gona ya shigo gida tana nan yadda take. Abin da talakawa suka yi, ba tare da fatawar kowa ba, shi ne suka zare yanka da kiran iskoki, suka riƙe taron. Kalankuwa ita ce hujja mafi bayyana. Bayan an ɗaure dawa an cika rumbu, sai sarkin samari ya sa rana, a aika wa ƙauyukan maƙwabta da goro, 'yan mata su kwana suna girki, makaɗa su zo da kalangu da gangi, a share fage a yi kokawa da dambe har ƙura ta rufe 'yan kallo, saurayi kuma ya liƙa wa makaɗi kuɗi don a ambaci sunan budurwarsa. Babu wanda ake bauta wa a wurin, ba kuma ibada ce ta Musulunci ba. Malamai da yawa ma sun ƙyamace ta saboda cuɗanyar maza da mata, kuma ba a ce ba su da dalili ba. Duk da haka ta daɗe tana yin aikin da tsohon bikin tsafi yake yi, na sanar da kowa cewa wahalar damina ta wuce. A Argungu an ga makamancin haka, inda kamun kifi na gargajiya ya zama bikin sarauta tun ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934.

Nasara sun fuskanci wannan mushkila ta wata fuska, domin a cikinsu akwai waɗanda suka bar coci ba su shiga wani addini ba, sai ya zamana dole su ƙago abin da za su yi ranar aure da ranar jana'iza. Masu juyin mulkin Faransa sun soke Lahadi a 1793 suka kafa mako mai kwana goma, amma Napoleon ya rushe wannan tsari a 1802, ba a kuwa yi kewarsa ba. A Jamus ta Gabas, saɓanin haka, bikin da hukuma ta yaɗa daga 1955 don yaran da suka kai shekara 14, a madadin na coci, ya rayu bayan hukumar kanta ta shuɗe a 1990, har yau iyaye suna kai 'ya'yansu. A ganina illar na farko ita ce an gina shi kan lissafin hakimai, na biyu kuwa ya dace da wani mataki da kowane yaro yake takawa, kamar yadda kalankuwa ta dace da kaka.

Abin takaici, bukukuwan da suka jure wa sauyin addini da sukar malamai sun kasa jure wa bindiga. Tun da 'yan fashin daji suka yi sansani a dazukan Kamuku da Kuyambana, ƙauyuka da dama suka watse, manoma suka koma biyan kuɗi kafin a bar su su girbe abin da suka shuka, kiɗan dare kuma ya zama kiran masifa. A ƙarshen 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari bayan sulhu da 'yan fashin, aka sake buɗe kasuwar shanu, fatake suka fara komowa. Ita kuwa kalankuwa sai da samari, kuma da yawa daga cikin waɗanda ya kamata su riƙe sarautar samarin ƙauyukansu suna cikin 'yan sa-kai, wasu kuma suna neman abinci a Kaduna da Funtuwa.