Kyautar ƙarya

Da kaka, ayarin raƙuma yakan taso daga Abzin, ya ƙetare Tenere, ya sauka garin Fashi. Fatake su ba da gero, su karɓi kantun gishiri da dabino. Kowa yana ganin abokin cinikinsa ido da ido.

Amma akwai masu ciniki da ba a ganin fuskarsu. Su ne ƴan damfara. Sukan aiko saƙo ta tarho: «Barka! Ka ci kujerar Makka!» Wani lokaci su ce mota ce, ko tafiya hutu Dubai. Daga nan sai su ce: «Turo jika biyar kuɗin takardu. Faɗo lambar sirrinka da lambar katinka na ɗan ƙasa. Yi sauri!»

Babu kujera, babu mota. Da lambar sirri suke kwashe kuɗin da ke cikin tarho. Da katin mutum suke cutar wasu da sunansa. A Najeriya ana kiran su ƴan 419, lambar sashen dokar da ke hukunta zamba. Nijar ma ta kafa dokar hukunta masu laifi ta intanet a 2019.

Yara, sau da yawa ku kuke karanta wa iyayenku saƙo. To, ku riƙe abu uku. Wanda bai shiga gasa ba, ba ya cin kyauta. Kyautar gaskiya ba a biyan kuɗinta. Lambar sirri ba a faɗa wa kowa.

In irin wannan saƙo ya zo, kada ku amsa. Ku gaya wa iyayenku su sanar da jandarmomi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Tambayoyi
1. Me ƴan damfara suke nema?
2. Me za ku yi in saƙonsu ya zo?