Abin da ke yaye rufin kwano a Jos

Duk farkon damina labari ɗaya ake ji daga Jos: hadari ya taso da yamma, iska ta yaye rufin gidaje, washegari jami'ai sun zo jaje da alkawarin bandir-bandir na kwano. A Anguwan Rukuba masu gida kan ce iskar bana ta fi ta bara, wasu su ɗora wa kafinta laifi. A ganina an baro gini tun ran zane.

Iska ba ta kaɗawa da ƙarfi ɗaya, fizga take yi ba tsari. Injiniyoyi sun daɗe suna auna irin wannan da lissafin Gauss, masanin nan Bajamushe, wanda ke ɗauka cewa yawancin fizga matsakaiciya ce, mai tsanani kuwa da kyar take zuwa. A bangon da ke fuskantar iska lissafin na kamawa. A kusurwar rufi da bakinsa, inda iska ke murɗawa ta tsotsi kwano sama, gwaje-gwaje sun nuna muguwar fizga na zuwa fiye da yadda lissafin ya tanada. Idan gudun iska ya ninka, ƙarfinta ya ninka sau huɗu. Shi ma kwano ba ya amsawa daidai gwargwado. Ramin ƙusa in ya ɗan buɗe ba ya komawa, fizga ta gaba sai ta tarar da kwano yana wasa. Shi ya sa masu bincike ke sa kwamfuta ta maimaita dubban fizga kafin su ƙiyasta abin da rufi zai jure.

Akwai tarihin da ya kamata magina su sani. A Disambar 1974 guguwar Tracy ta lalata mafi yawan gidajen birnin Darwin na Ostireliya. Da aka bincika, sai aka ga kwano ya riƙa tsagewa a gindin ƙusa saboda jijjigar da ta yi ta maimaituwa, alhali a gwajin ja sau ɗaya zai iya jure fiye da haka. Hukumomi suka canza doka: duk kwano da abin ɗaure shi sai an gwada su da ja da saki sau dubbai kafin a rufa gida da su a yankunan guguwa. Daga bala'i ɗaya suka ɗauki wannan darasi.

Mu muna da kundin ƙa'idar gini na ƙasa tun 2006, ga hukumar NiMet mai auna iska, ga Jami'ar Jos. Me ya hana a zauna da ƙungiyoyin kafintoci a fitar da takarda ɗaya da Hausa, mai faɗin tazarar ƙusa a kusurwa da baki, da yadda ake ɗaure katako da bango da ƙarfe? Raba sabon kwano a kafa shi yadda aka kafa na da ɓarnar kuɗin jama'a ne. Kai kuma mai gida, kafin hadarin gaba, sa kafinta ya hau ya ƙara ƙusa mai hula a kusurwoyi huɗun nan, ya canza duk katakon da gara ta ci.