Masu Ginin Tukwane: Kada Yumɓu Ya Toshe Rariya

Ginin tukwane tsohuwar sana'a ce a ƙasar Katsina. A Daddara, kan hanyar Katsina zuwa Jibiya, randa da tulu da kasko kayan amfanin yau da kullum ne. Duk da yumɓu ake gina su. Amma yumɓun nan yana iya jawo wa gida ɓarna idan ya shiga rariya.

Yadda Abin Yake Faruwa

Yumɓu ba ya narkewa a ruwa kamar gishiri. Yawo kawai yake yi a ciki. Da zarar ruwan ya tsaya, sai ya kwanta a ƙasa. In mai gini ta wanke hannu da kayan aiki a bakin rariya, kullum yumɓu yana ƙaruwa a can. Rana ta busar da shi, ya yi tauri. Sannu a hankali sai hanyar ruwa ta toshe. Inda aka sa bututu abin ya fi muni, domin yumɓun yana taruwa a lanƙwasa, inda hannu ba ya kaiwa. Ruwan zafi da sabulu ba sa narkar da shi.

Illar Toshewar Rariya

Ruwan da ya rasa hanya yakan kwanta a gindin katanga. Ginin ƙasa kuwa ba ya jure jiƙa, sai ya tsage ko ya faɗi. Sauro kuma yana yin ƙwai a kwantaccen ruwa. Cikin kwana 10 ko ƙasa da haka ƙwan ya zama sauro, zazzaɓi ya shigo gida.

A watan Yuli na 2018, ruwan sama mai yawa ya jawo ambaliya a Jibiya. Mutane fiye da 40 suka rasu, gidaje da yawa suka rushe. Wannan ya isa ya nuna cewa ba a wasa da hanyar ruwa a wannan yanki.

Dabarar Bokiti Uku

1. Kafin a taɓa ruwa, a kankare yumɓun hannu da na kayan aiki da sakaina, a mayar da shi cikin sauran.
2. A jera bokiti uku da ruwa. A fara wanki a na farko, a sake a na biyu, a ɗauraye a na uku.
3. A rufe su, a bar su su kwana. Kashegari yumɓu ya kwanta, ruwa ya taso sama.
4. A tsiyaye ruwan a hankali. A kwaɓa sabon yumɓu da shi, ko a yayyafa a tsakar gida.
5. A kwashe yumɓun da ya kwanta, a shanya shi ya sha iska, a sake gini da shi. Ba a yi asarar komai ba.

A nisanta yara ƙanana daga bokitan, domin yaro yana iya faɗawa ciki. Kada kuma a share busasshen yumɓu ba tare da an yayyafa ruwa ba, saboda ƙurarsa tana cutar da huhu.

Wadda rariyarta ta riga ta toshe, ta haƙe ta tun da bazara, kafin ruwan farko ya sauka. Maƙwabta su haɗu su yashe kwatar unguwa. Hausawa sun ce, tun ran gini, tun ran zane.